Tambaya da Amsa: Alamar tambayar da ta ɓace a ƙarshen adireshi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja da Python wadda ke karɓar adireshin shafukan intanet, ta rarraba shi gaɓa-gaɓa, ta sake haɗa shi, sannan ta ajiye. Na lura idan na ba ta `https://example.com/labarai?` sai ta dawo min da `https://example.com/labarai`, alamar tambayar ta yi ɓatan dabo. Abokin aikina ya ce duk ɗaya ne, in daina wahalar da kaina. Amma gwajin da na rubuta, wanda ke kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fito, kullum sai ya faɗi. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai koyon rubuta manhaja.

Amsa: Ɗan'uwa, gwajinka ne ke da gaskiya. Abokin aikinka kuma yana da uzuri, domin a mafi yawan shafuka idan ka buɗe adireshin nan biyu abu ɗaya za ka gani. Sai dai ganin abu ɗaya a allo bai mayar da su adireshi ɗaya ba.

Dokar da ake komawa gare ta a wannan fanni ita ce RFC 3986, wadda Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Larry Masinter suka rubuta, ta fito a watan Janairun 2005. Ta raba adireshi gida biyar. Akwai kai, kamar `https`, wanda ɗigo biyu ke biye da shi. Akwai sashen mai masauki, wato inda sunan kwamfutar da ke riƙe da shafin yake, kamar `example.com`, wanda sanduna biyu `//` ke buɗe shi. Akwai hanya, kamar `/labarai`. Sai sashen tambaya, wanda `?` ke buɗe shi, sai kuma wutsiya, wadda `#` ke buɗe ta. Hanya kaɗai ce ba ta da alama tata, shi ya sa dokar ta ce ita a kullum tana nan, ko da babu harafi ko ɗaya a cikinta. Sauran kuwa alamarsu ce shaidar zuwansu. Idan babu `?`, babu sashen tambaya sam. Idan akwai `?` amma babu komai a bayanta, to sashen ya zo, fanko ne kawai. Kamar ambulan ne: wanda ya aiko maka da ambulan babu takarda a ciki, ba ɗaya yake da wanda bai aiko da komai ba, ko da yake daga dukansu ba ka karanta ko layi ɗaya ba.

Dokar ba ta bar maganar a dunƙule ba. A sashe na 5.3, inda ta bayyana yadda ake sake haɗa adireshi, ta ja hankali cewa a kiyaye bambancin sashen da bai zo ba da sashen da ya zo fanko. A sashe na 6.2.3 kuma ta kawo misali irin naka sak, ta ce ba za a ɗauka `http://example.com/?` daidai yake da `http://example.com/` ba, kuma kada a cire alamar buɗe sashe don kawai sashen fanko ne, sai idan ƙa'idar wannan nau'in adireshin ta ba da izini.

To me ya sa Python ke cire ta? Saboda `urlsplit`, mai rarraba adireshi a Python, yana mayar maka da `''`, wato rubutu fanko, a duk halayen biyu. Tun a wurin rarrabawa labarin ya zube, don haka lokacin da `urlunsplit` ya zo haɗawa ba shi da hanyar sanin ko an taɓa rubuta `?`. An daɗe ma takardun bayanin Python suna cewa abin da zai fito na iya ɗan bambanta da wanda ya shiga amma daidai suke. A ganina wannan jimlar ta ruɗi mutane da yawa, domin ba haka RFC 3986 ta ce ba.

Za ka iya cewa wa zai rubuta `?` ya bar ta haka? Burauza ce ke rubutawa. Duk fom ɗin da ake aikawa ta hanyar GET, idan babu wani gurbi a cikinsa da za a tura, adireshin da burauza za ta nema yana ƙarewa ne da `?` ita kaɗai. Ita kuma saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, tana karɓar layin yadda aka aiko shi, `/labarai?`, kuma tana da ikon ta amsa daban. Ma'ajiyar wucin gadi da ke tsakanin burauza da saba ma yawanci da adireshin take gane abin da ta ajiye, don haka za ta iya ɗaukar su shafi biyu. Inda abin ya fi zafi shi ne adireshin da aka sa wa hannu da lissafin sirri. Idan an lissafa sa hannun a kan rubutun adireshin gaba ɗaya, harafi ɗaya ya faɗi, sa hannun ya tashi a banza, kai kuma ka wuni kana neman laifin makulli alhali lafiyarsa ƙalau.

Shawarata biyu ce. Idan manhajarka ba ta canza komai a adireshin ba, kada ka sake haɗa shi. Ajiye rubutun asali yadda ya zo, ka yi rarrabawar don karantawa kawai. Idan kuwa dole ka canza wani sashe, to ka rarraba shi da abin da ke riƙe bambancin. A ƙarshen RFC 3986, a rataye na B, akwai layi ɗaya na tsarin gano rubutu da aka tanada don wannan aikin:

`^(([^:/?#]+):)?(//([^/?#]*))?([^?#]*)(\?([^#]*))?(#(.*))?`

Ka sa shi a `re.match` na Python. Rukuni na 7 shi ne sashen tambaya. Idan babu `?` zai ba ka `None`, idan akwai ta fanko zai ba ka `''`. Haka rukuni na 4 yake ga mai masauki, rukuni na 9 ga wutsiya. Wajen haɗawa sai ka rubuta `if tambaya is not None`, ba `if tambaya` ba. Wannan ɗan bambancin rubutun shi ne duk maganar. Ka dai sani layin nan rarrabawa kawai yake yi, ba ya tantance ko adireshin ingantacce ne.

Tunda kana koyo, yana da kyau ka ga yadda sauran yarukan rubuta manhaja suka yi da matsalar. Java tun farko ta raba: a `java.net.URI` sashen da bai zo ba `null` ne, lambar ƙofa kuma, wato lambar da ke bin sunan mai masauki kamar `:80`, idan ba a rubuta ta ba `-1` ce. Rust, a ɗakin karatun `url`, tana mayar da `None` ko `Some("")`, kuma ba za ta bari ka wuce ba sai ka faɗi abin da za ka yi da kowanne. PHP ta daɗe tana haɗe su, sai a siga ta 8.0 da ta fito a 2020 `parse_url` ya fara bambanta su ga sashen tambaya da wutsiya. Go ba ta canza nau'in gurbin ba, sai ta ƙara tuta a gefe mai suna `ForceQuery` a siga ta 1.7, wadda ke tuna cewa an ga `?` fanko. JavaScript kuma tsaka-tsaki ce: `url.search` zai ba ka `""` a halayen biyu, amma a ciki burauza tana riƙe da bambancin, shi ya sa `url.href` ke dawo maka da alamarka lafiya lau.

Tambaya: Malam, ina da shafin da ke nuna kaya, kuma ana iya tace su, sai adireshin ya zama kamar `https://example.com/kaya?launi=ja`. Na sa mahaɗi mai cewa "Share bincike", na bar `href=""` da nufin ya koma shafin babu tacewa. Idan aka danna sai shafin ya sake buɗewa da jajayen kayan nan dai. Na gwada `href="#"`, shi ma bai yi ba. Ina kuskuren yake? Daga wata mai gina shafuka.

Amsa: 'Yar'uwa, burauzar ta yi abin da kika ce mata ne, ba abin da kike nufi ba. Guntun adireshi irin wanda ake sa wa a `href` ana cika shi ne daga adireshin shafin da ake kai, kuma ƙa'idar cikawar tana sashe na 5.2.2 na dokar da na ambata a sama. Abin da ta ce shi ne, idan hanyar guntun fanko ce, a ɗauki hanyar shafin da ake kai. Daga nan sai a duba: guntun ya zo da sashen tambaya? Idan ya zo, a yi amfani da nasa, ko da fanko ne. Idan bai zo ba, a gaji na shafin.

To `href=""` bai zo da sashen tambaya ba, don haka ya gaji `launi=ja`. Shi ma `href="#"` bai zo da shi ba, ya gada, ya ƙara wutsiya fanko, wadda a ƙa'idar HTML ma'anarta a hau saman shafin. Ba a ma tuntuɓi saba ba, domin wutsiya ba ta barin burauza. Wanda zai share miki tacewar shi ne `href="?"`. Ya zo da sashen tambaya, fanko, sai fankon ya maye gurbin `launi=ja`, ki samu `https://example.com/kaya?`.

Ni dai da ni ne, `href="/kaya"` zan rubuta. Ya fi fitowa fili ga wanda zai karanta aikin bayanki, kuma ba ya barin alama tana reto a ƙarshen adireshi. Wani dalilin kuma, ba kowace manhaja ce ke cika `?` daidai ba. A sigogin Python da aka daɗe ana aiki da su, `urljoin`, mai cika guntun adireshi, idan aka ba shi `?` yakan dawo da adireshin shafin da `launi=ja` ɗinsa, saboda a cikinsa an rubuta "idan babu komai a sashen tambaya, a gaji na shafin". Mutum a burauza zai ga an share, manhajar da ke bin mahaɗan shafinki kuma za ta ga ba a je ko'ina ba.

Tambaya: Me ya sa adireshin fayil ke da sanduna uku, `file:///home/takarda.txt`? Wani lokaci kuma ina ganin `file:/home/takarda.txt` da sanda ɗaya. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

Amsa: Duka biyun daidai ne, RFC 8089 ta 2017 ta amince da su. A na farko, sanduna biyun farko sun buɗe sashen mai masauki, aka bar shi fanko, wato wannan kwamfutar da kake kai, sanda ta uku kuma ita ce farkon hanya. A na biyu ba a buɗe sashen ba kwata-kwata. Idan ka taɓa kiran `toURI()` a kan `File` na Java, mai sanda ɗayan za ka gani.

Tunda su biyun wuri ɗaya suke nunawa, sai mutum ya ɗauka nan kam cire fankon ba shi da illa. A nan ne illar ta fi girma. Dubi wannan: `file:////rumbu/takardu/a.txt`. Sanduna huɗu. Biyun farko mai masauki ne fanko, hanyar kuma ita ce `//rumbu/takardu/a.txt`. Yanzu ka ɗauka mai rarrabawa ya mayar da mai masaukin `''`, mai haɗawa kuma ya ce tunda babu komai ba sai na rubuta `//` ba. Abin da zai fito shi ne `file://rumbu/takardu/a.txt`. Karanta shi da kyau. Kalmar `rumbu`, wadda ɗazu gaɓar hanya ce, yanzu ta zama sunan wata kwamfuta. Adireshin ya canza ma'ana ba tare da wani ya taɓa harafi ɗaya na sunayen da ke cikinsa ba.

Ka kawo wannan cikin manhajar da ke tace adireshi don tsaro. Ta duba ta ga babu mai masauki, ta ce wannan na cikin gida ne, ta sake haɗa shi, ta miƙa wa wani sashen. Wannan sashen ya rarraba sabon rubutun, ya ga mai masauki, ya nufi can. Mai tacewa da mai aikatawa sun karanta abu biyu daban. Irin wannan saɓanin tsakanin masu rarrabawa biyu shi ne tushen kurakuran tsaro da dama, musamman a shafukan da ke tura mutum wani adireshi bayan ya shiga asusunsa, inda `//wani.example` ke kama da hanya alhali burauza sunan wata saba take gani.

Masu dokar sun hango haka. Sashe na 3.3 na RFC 3986 ya hana hanya ta fara da sanduna biyu idan babu sashen mai masauki. Ƙa'idar WHATWG, wadda burauzoji ke bi, ta bi ta wata dabara: idan babu mai masauki kuma hanyar za ta fara da `//`, sai a cusa `/.` a gabanta wajen rubutawa, don kada mai karantawa na gaba ya ruɗe. Go kuma a siga ta 1.19 ta ƙara tutar `OmitHost` don ta iya dawo da `file:/home` a matsayin `file:/home`.

Ga `http` da `https` babu wannan zaɓin. RFC 9110 ta 2022 ta ce adireshin `http` mai fankon mai masauki ba ingantacce ba ne, wanda ya karɓe shi ya ƙi shi.

Tambaya: Malam, a manhajarmu mutum yana iya gyara bayanansa. Idan ya canza lambar waya, tana canzawa. Idan ya goge ta gaba ɗaya ya danna "Ajiye", sai tsohuwar ta dawo. Muna karanta fom ɗin ne da `parse_qs`. Daga wata mai kula da manhajar ofis.

Amsa: Ranki ya daɗe, ki ƙara `keep_blank_values=True` a kiran `parse_qs` na Python, ina sa ran matsalar za ta kau. Idan ba a faɗa masa haka ba, `parse_qs` yana zubar da duk gurbin da ya zo fanko. Burauza ta aiko `suna=Wane&waya=`, shi kuma ya miƙa miki `suna` kaɗai. Manhajarku ta ga babu `waya`, ta fahimci ba a taɓa ta ba, ta bar tsohuwar. Mutumin kuwa cewa ya yi a goge.

A nan halaye uku ne ma, ba biyu ba: `waya=` da `waya` babu alamar daidai, da rashin ta gaba ɗaya. RFC 3986 ba ta ce komai a kansu ba, domin ita ba ta san tsarin suna da ƙima ba, a wurinta sashen tambaya rubutu ne kawai. Tsarin daga fom ɗin HTML ya samo asali. `URLSearchParams` na JavaScript yana haɗe na farko da na biyu, duka ya ba ki `""`, na uku kuma `null`, kuma idan ya sake rubutawa `waya` zai koma `waya=`. Wasu hidimomin sun fayyace nasu: wajen lissafin sa hannu na siga ta 4 a Amazon S3, adireshi mai `?acl` ana rubuta shi `acl=` kafin a lissafa. A Go, `Get` yana mayar da `""` ko gurbin ya zo ko bai zo ba, sai a siga ta 1.17 aka ƙara `Has` don a iya tambaya kai tsaye. Masu PHP kuma su yi hattara da `empty()`, domin har `"0"` yana ɗauka fanko ne, ga shi sifili amsa ce ta gaske a gurbin da ke tambayar adadi.

Akwai wani tarko a gefen wannan, tunda fom ɗin gyara bayanai ne. Gurbin rubutu da aka bari fanko ana aiko shi da sunansa. Akwatin da ake sa wa alamar zaɓi kuwa, idan ba a zaɓe shi ba, burauza ba ta aiko shi sam. Don haka a fom ɗaya, rashin zuwan `waya` na nufin ba a taɓa ta ba, rashin zuwan akwatin kuma na iya nufin an cire zaɓin. Dabarar da aka saba ita ce a sa ɓoyayyen gurbi mai suna iri ɗaya da ƙimar `0` kafin akwatin, don wani abu ya iso ko yaya. Ki dai tabbatar wace ƙima manhajarku ke ɗauka idan suna ɗaya ya zo sau biyu: PHP na ƙarshe take ɗauka, `parse_qs` kuma duka yake ba ki a jere.

Tambaya: To akwai inda ya halatta a ɗauki fanko da rashi abu ɗaya? Daga wani tsohon mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Akwai, Malam, inda ƙa'idar nau'in adireshin ta faɗa da bakinta. Ga `http`, waɗannan huɗun daidai suke, kuma RFC 3986 ce ta jero su: `http://example.com` da `http://example.com/` da `http://example.com:/` da `http://example.com:80/`. Fankon hanya yana zama `/`, fankon lambar ƙofa yana zama 80, ko 443 idan `https` ne. Nan za ka iya daidaita su hankalinka kwance.

Sunan mai shiga da kalmar sirri kuwa an yi saɓani a kansu. RFC 1738 ta 1994 ta bambanta su dalla-dalla: `ftp://host.com/` babu sunan mai shiga, `ftp://@host.com/` sunan fanko ne, `ftp://foo:@host.com/` kuma sunan `foo` ne da kalmar sirri fanko. Ƙa'idar WHATWG ba ta riƙe wannan ba, a wurinta su biyun rubutu ne da ke farawa fanko, don haka burauza za ta share `@` ɗin da babu komai a gabansa. Go ta riƙe: `Password()` yana mayar da abu biyu, kalmar da kuma ko an sa ta. Wannan yana da amfani ga adireshin haɗuwa da rumbun bayanai, inda manhaja za ta iya fahimtar rashin kalmar sirri a matsayin "nemo ta a wani wuri", fankonta kuma a matsayin "shiga da ita haka". Idan irin wannan adireshin kake rarrabawa, kada ka bi da shi ta `URL` na JavaScript sannan ka sake rubuta shi, ka ba direban rumbun bayanan rubutun asali ya karanta da kansa.